Mai Tura Akwatuna

Jikana, wanda nake kira angona duk da ko ɗankwali bai taɓa saya min ba, ya taɓa yin musu da kafintan layinmu a kan waye mai sana'a a cikinsu. Ya ce shi ma akwatuna yake haɗawa, amma a fuskar kwamfuta.

"Ana zuba tufafi a ciki?" in ji kafinta.

"A'a, Baba. Matsar da su nake yi a hankali."

"To, ɗan dako ne kai. Kama min bencin nan."

Ya kuwa kama, har bakin titi.

Aikinsa ke nan a kamfanin da ke yin manhajar kula da ma'aikata. Idan aka goge abu a shafi, shi ke sa ya zame gefe, na ƙasa su tako sama sannu sannu, don ido ya ga inda kowa ya nufa. Sai ya yini yana gyara tafiyar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, shayinsa ya huce, 'yarsa na jan wandonsa. Yaron da ko takalminsa ba ya jerawa!

Aka kawo musu sabon manaja mai son gaggawa. Ya ce wannan kwalliya ce, a cire. Aka cire. Da babu kwalliya, sai ya ga mai yin ta ma ba shi da amfani, ga shi matar angona ta kusa haihuwa.

Ranar da zai sallami angona, manaja ya tara mutane a ofis, ya buɗe shafin ma'aikata a babban allo. Ya danna goge a kan sunan angona. Nan take na ƙasa ya faɗo gurbin, babu ko motsi, layukan kuma duk kamarsu ɗaya. Manaja ya zaci bai dannu ba, ya sake dannawa, ya ƙara da ƙarfi. Akanta mai lissafin kuɗi ta tafi, direba ya bi ta. Na gaba shi ne kansa. Allon ya kore shi waje, ya ce bai san shi ba.

"Wane sakarai ya lalata wannan abu?" Har jijiyar wuyansa ta tashi.

Angona ya ajiye jakar da ya riga ya rataya.

"Yallaɓai, da kwalliyar tana nan, da ka ga fitata da idonka ka tsaya a kaina. Yanzu ni korarre, kai korarre. Wa zai dawo da wa?"