Rabin Zanen da Aka Manna a Bango

Ni kaɗai na lura da jan zaren. Aikina ke nan a ƙaramar jaridarmu, duba shafi kafin a kai ɗab'i. Mai zanen barkwancinmu ya zana kansilan unguwa a gaban busasshen famfo, yana nuna wani baƙo da yatsa yana cewa, "Tun da suka zo ruwa ya ɗauke!" A bayan kansilan kuwa, bututun ruwan ya lanƙwasa ya shige lambun gidansa. Baƙon yana sanye da tabarau, an ɗaure hannun hagu na tabaran da jan zare.

Tabaran Baba mai gyaran takalma ne, wanda yake zama a ƙarƙashin matakalar ofishinmu. Shekara ashirin da shida ke nan da ya tsallako iyaka da basilla da guduma, a nan ya yi aure, a nan ya aurar da 'ya'ya biyu. Na so in ce a goge zaren, kunya ta hana ni. Shafin ya wuce.

Bayan kwana uku wani ya sa almakashi ya yanke kansilan da bututun, ya buga sauran da yawa, ya manna a bangaye. Aka bar Baba da busasshen famfo da waccan magana a samansa.

"Baba, ashe kai ka shanye mana ruwa?" in ji wani direba.

"Ɗana, na zo shekara ashirin da shida, ruwa ya ɗauke bara. Ashe na daɗe ina danne ƙishi."

"Ba kai ba, irinku."

"Irina su waye? Masu tabarau?"

Aka yi dariya, amma takalma suka ragu a gabansa. Mai ginin da ofishinmu yake ciki ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya tashi. "Ba ni da komai da kai," in ji shi, "amma ba na son a fasa mini gilashi."

Mai zanen ya sauko ba da haƙuri. "Wallahi Baba, kare ku nake yi."

"Na gani. Gobe in za ka kare ni, ka ari fuskarka."

Rannan ina wucewa ya kira ni. "'Yata, jaridun ranar nan da ba a sayar ba, ina ake kai su?"

Na sauko masa da ɗauri biyu. Daga nan duk takalmin da ya gyara, sai ya naɗe shi a shafin zanen, cikakke, bututun yana daga waje. Mutane su kai gida su warware. Wasu sun dawo suna ƙyaƙyata dariya, wasu ba su sake zuwa ba.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare, mai ginin ya zo karɓar takalminsa. Ya warware takardar, ya tsaya yana bin bututun da yatsa har cikin lambun.

"Kai, wannan ai lambun surukina kansila ne," in ji shi a hankali. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Zauna abinka, Baba. In sun fasa gilashin, shi zai gyara."

Baba ya ce ya gode. Sannan ya cire tabaransa, ya warware jan zaren da ya fara sakewa, ya yanko sabo daga ƙullin jan zarensa dai, ya sake ɗaurewa, ya jawo takalmin da ke jira.