Faifai na Biyu

Ilisha mai shagon buga takardu a Ikara ɗan Janfalan ne, mawaƙin coci tun muryarsa ba ta fashe ba. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa bai iya cewa a'a ba, kuma wannan halin ne ya ja masa abin da ke cin ransa har yau.

A zamanin soja, lokacin da tsuke bakin aljihu ya sa ko alli sai an yi rabonsa, yana karatun kwamfuta a wata kwaleji a Zariya. Da aikin kammalawa ya zo, aka haɗa shi da Zulai 'yar Hunkuyi da Jumare, Bafulatanin Furana, su rubuta manhajar adana bayanan rigakafin shanu. Jumare ne ƙwaƙwalwar aikin. Shekara biyu cif mahaifinsa ya ba shi, ya ce ko da takarda ko babu, in sun cika ya dawo garke.

Kwamfuta ɗaya ce ga ɗalibai arba'in, don haka kowa a faifai yake ajiye aikinsa. Nasu biyu ne, na aiki a hannun Jumare, kwafi a hannun Ilisha.

Ana shirin rufe makaranta saboda yajin aikin malamai, shugaban mawaƙan cocinsu ya roƙi Ilisha ya buga musu waƙoƙin babban taro. Faifai kuwa ya yi wuyar samu. Gogan naka ya share kwafin ya zuba waƙoƙi, wai ai na Jumare na nan, in an dawo a sake kwafa.

Damina guda aka yi a gida. Danshin bukka ya shiga faifan Jumare, ya yi fumfuna, da aka dawo makaranta kwamfuta ta ƙi karanta shi. Zulai ta juyo ta nemi na biyun. Tsoro ya kama Ilisha, ya ce tuni ya duba, babu komai a ciki, da alama Jumare bai kwafa daidai ba. Mako biyu suka yi suna haɗa aikin daga tsofaffin takardu, bai haɗu ba. Aka ce su maimaita shekara. Zulai ta daina gaisawa da Jumare, shi kuma ya koma garke kamar yadda aka yi alkawari.

Bayan girbi sai ga Jumare a Janfalan bisa keke, da kwalbar man shanu. Ya durƙusa ya gaida iyayen Ilisha, sannan ya ja shi gefe, kansa a ƙasa.

"Ɗan'uwa, sakacina ya ja maka asarar shekara. Don Allah ka yafe mini."

Kunya ta rufe Ilisha, saura kaɗan ya faɗi gaskiya. Ya dubi kwalbar, ya dubi Jumare.

"Na yafe," ya ce.

Fuskar Jumare ta washe, ya yi ta godiya. Ilisha ya raka shi har bakin titi, shi ne ma ya tura masa keken.