Ranar da Bafaranshiya Ta Ƙi Faɗuwa

Muna zaune a Barking, wata unguwa a Landan, lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, maigidana yana aikin asibiti. Wata rana 'yata ta fari, tana aji huɗu, ta dawo daga makaranta fuska a murtuke. Wai za su yi wasan wani tsohon yaƙi, wanda maharban Ingila suka karkashe mahayan Faransa a cikin taɓo. Malamar ta raba yara gida biyu. Jajayen yara aka ba baka da kibiya. Ita kuwa, da 'yan Pakistan da wani ɗan Ghana, su ne Faransawa. Aikinsu su zube ƙasa su mutu.

Da Turanci take ba ni labari, don ko na yi mata Hausa da Turanci take amsawa. Ta ce, "Mama, ba a nan aka haife ni ba?"

Wallahi raina ya ɓaci. Kuma mu a gidanmu yaro ba ya kwaikwayon gawa. Ko miƙewa ka yi sambal ka rufe ido da wasa, sai kakata ta ɗaka maka duka, ta ce kana jawo mana mugun fata.

Washegari na je makarantar. Malamar ta yi ɗan murmushin nan nasu, ta ce ai wasa ne kawai, kuma ɓangaren Ingila ya cika. Ya cika! Na ce to, madalla.

Na ɗinka wa yarinya rigar Faransawan da hannuna. Na ce, "Sa abarki. Amma ko sama da ƙasa za su haɗu, ba za ki kwanta ba."

Ranar wasa aka yi ruwan kibiyoyin kwali. Faransawa suka zube rututu. Tawa tana tsaye ƙiƙam, takobin kwali a hannu. Malamar na ta yi mata alama da hannu daga bayan labule. Yaron da ya fito a sarki ya fara jawabin nasara, ya dube ta, ya rikice. Iyaye suka soma gunaguni, na ga idon yarinyar ya kawo ruwa tana nemana cikin mutane. Sai na miƙe, na gyara gyalena, na rangaɗa guɗa har ɗakin ya amsa.

Muka kama hanyar gida har muka zo ƙofa. Ta riƙe hannuna, ta ce da Hausarta mai gargada, "Mama, ban faɗi ba."