Bokitin da Ya Raba Ni da Zari-Ruga

A lokacin ni saurayi ne ɗan Manchok, ƙato, wuyana kamar turmi saboda dakon buhunan citta a gonar babana. Karatu ne ya kawo ni Kafanchan, a nan wani koci ya hango ni ya ce wannan jiki ba na ƙwallon ƙafa ba ne, na zari-ruga ne. Ya sa ni a sahun gaba, inda ƙarti ke haɗa kai da kafaɗu suna tura juna. Na iya wasan ƙwarai, daga ƙungiyar makaranta na koma ta gari, har aka fara kai mu wasa Kaduna da Legas. Burina ɗaya ne, in samu kulob a ƙasar waje in ci abinci da wasan nan.

To amma muna da wata mummunar al'ada. Robar da ake sawa a baki don kare haƙora ba ta isar mu, don haka wanda ya fito daga fili sai ya tofa tasa cikin bokiti, mai shiga ya tsamo ya cusa a baki. Bokitin nan kuwa shi ne na wanke rauni. Soso guda ne a ciki, da shi ake goge haɓo da fashewar goshi, kafin a tashi wasa ruwan ya koma kamar zoɓo. Ranar farko na ƙi, sai kyaftin ɗinmu ya bushe da dariya ya ce ɗan mama ya zo, wai 'yan gaba jininsu ɗaya ne, mai ƙyamar ɗan'uwansa ya koma rera waƙa a coci. Koci na tsaye yana kallo. Na runtse ido na sa. Tir da wannan ƙazanta, kuma haka na yi ta yi shekara da shekaru.

Ana nan sai wani kulob na waje ya nemi in zo. Matan zumunta na cocinmu suka yi mini addu'a, mamata har da guɗa. Gwajin lafiya kawai ya rage. Da sakamako ya fito, likitar da ta duba ni ta zaunar da ni ta ce ina da ciwon hanta irin wanda ake ɗauka ta jini, hantar ta riga ta kumbura, wasan karo ya ƙare mini. Ta tambaya ko ina raba reza ko allura da wani, na ce a'a. Da na ba ta labarin bokiti sai ta toshe baki da hannu. Na dawo na faɗa wa 'yan ƙungiya, waɗanda suka yarda suka je gwaji, aka samu wasu da cutar. Abin haushi, kyaftin cewa ya yi maƙiya ne suka jefe ni daga ƙauye, koci kuma ya kira ni gefe ya roƙe ni kada in ɓata sunan ƙungiya.

Yanzu na koma gonar citta, ina shan magani. Na gane cewa abin da muke kira 'yan'uwantaka ƙazanta ce kawai, kuma tsoron dariya ne ya sa na haɗiye ta. 'Yan wasa, ku nemi rigakafin hanta, ku riƙe robarku, duk wanda ya yi muku ba'a ku bar shi ya yi. Iyaye kuma ku leƙa filin da kanku. Kwanan baya na bi ta wurin a kan babur, na hango bokitin nan a gefen layi, wani sabon ɗan wasa ya duƙa yana lalube a ciki.