Ƙamus a Cikin Kwalla

Yau ina kakkaɓe ɗaki na ci karo da ƙamus ɗin ɗiyata Hadiza, duk ya yi baƙi.

Wata ƙungiyar taimakon al'umma ce ta raba musu a firamare a Argungu, tun muna cikin Jihar Sakkwato. Lokacin ban iya karatu ba. Don tsoron kada ya lalace a karɓe, na naɗe shi da zane na rufe cikin kwalla.

Ran nan ta dawo da kuka: "Inna, malam yac ce wadda ƙamus nata bai yi dauɗa ba, ba ta karatu!"

Na fiddo mata. Daga baya na shiga yaƙi da jahilci, rabin dauɗar nan tawa ce.

Ku wane littafi ya tsufa a hannunku?