Baba Bitrus, dattijon da ke bayana a kwaya

Da safen nan ina jiran jirgin ƙasa a tashar Abbey Wood sai 'yarsa ta kira ni. Baba Bitrus ya rasu.

Jirgi biyu suka zo suka wuce ina zaune.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon direban bas ne, mutumin Kudancin Kaduna. Shi ke tsayawa a bayana a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan cocinmu na Katolika a Plumstead, da muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Ni a zumuntar matan coci, can gida, na koyi waƙa. Mai bayarwa ta bayar, kowa ya amsa iya ƙarfinsa. Na zo London na tarar da tsofaffin waƙoƙin Latin na ɗaruruwan shekaru, ba ganga ba kiɗa, murya huɗu ko biyar, kowace da lokacin shigarta. Ni kuwa da na ji soprano, masu siririyar murya, sun ɗauka sai in amsa. Alhali ni alto ce, muryar da ke ƙasa da tasu, lokacina bai yi ba. Haka na yi ta ɓata wa mutane waƙa da zuciya ɗaya.

Ana gab da Ista shugabar kwaya ta ce min, cikin ladabin nan na Turawa, ko zan ɗan huta. Na gane. Kuma lokacin ba ni da kowa a garin nan, daga wurin aiki sai flat ɗin da nake zaune. Kwayar nan ce kaɗai inda ake cigiyata in ban zo ba.

Ina saka kot ina haɗiye kuka, sai na ji Hausa a bayana. Baba Bitrus ne. Ya tambaye ni 'yar ina ce, ya yi min tsiya wai sauri ya haifi nawa. Sannan ya je ya roƙi shugabar ta ƙara min wata guda.

Dabararsa ba wuya. In yi shiru har sai ya taɓa min kafaɗa da gefen takardarsa, sannan in shiga. Yana rera nasa, yana ƙirga nawa.

Shekara shida ke nan ba a sake cewa in huta ba.

Mako uku da suka wuce na je duba shi a gida. Na kai masa kunun gyaɗa, ya ce sukari ya yi kaɗan, ya shanye. Na ce masa tun da ya kwanta gabana ke faɗuwa a kwaya, ba mai taɓa ni.

Ya yi dariya har da tari.

"'Yata, ai na fi shekara biyu ban taɓa ki ba. Ke kike shiga da kanki."

Wallahi ban lura ba.

Na gode, Baba. Na gode ƙwarai.

Ya Ubangiji, ka ba shi hutawa ta har abada, ka ta'azantar da Mama matarsa da yara. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni, domin mu za mu rera a Misa, wato sujadar jana'izarsa, kuma ban san ko muryata za ta fita ba.