Ranar da Baba Ya Yi Karatu a Makarantarmu

Wata Alhamis ce cikin damina, ina aji biyar na firamare. Ruwan safe ya ɗauke, filin makaranta duk taɓo, mu 'yan mata muna kwaso bencina daga azuzuwa muna jerawa a laburare, maza suna shimfiɗa tabarmi a gaban kantocin littattafai. Kowa murna yake yi marubuci zai zo. Ni kaɗai gabana ke faɗuwa, domin marubucin mahaifina ne.

Baba gyaran keken ɗinki yake yi a wani ɗan shago kusa da Ƙofar Mazugal. Ya yi shekaru yana bin tsofaffi unguwa unguwa, yana tambayarsu labarin kududdufan cikin birni: su wa suka haƙi ƙasar gini a nan, me ya sa aka raɗa wa wancan sunansa. Daga baya aka buga masa ɗan littafi siriri mai koren bango. Malama Rabi mai kula da laburare ta kai kekenta gyara ta ga littafin a kan tebur, nan take ta gayyaci Baba, ta kuma aika wa iyaye da mai unguwa. Ita ba ta damu da cewa Baba yana da in'ina ba. Ni na damu, don na san 'yan ajinmu, ko tarin malami sai sun kwaikwaya a wurin 'yar gala-gala. Kwana uku ina roƙon Allah ruwa ya hana taron.

Ɗaki ya cika, dattawa a gaba, iyaye mata a baya kusa da bokitin zoɓo. Baba ya shigo da farar rigarsa ta Juma'a, da sauran baƙin mai a faratansa. Ya yi sallama lafiya lau, amma da ya zo kan sunan littafin sai harshensa ya maƙale a "ku... ku... ku". Wani a bayana ya ƙyalƙyale. Na sunkuyar da kai. Baba ya numfasa, ya yi murmushi, ya ce a hankali, "Kada ku ga laifina, shi kansa kududdufi in'ina yake yi." Har mai unguwa sai da ya yi dariya. Daga nan ya shiga karatu, inda ya maƙale ya tsaya, ba wanda ya ƙarasa masa kalma. Wata tsohuwa daga baya ta ce kududdufin da suke wanki suna yara ya fi yadda ya rubuta girma, ya zaro biro ya gyara a gefen shafi a gaban kowa. Yara suka dinga ɗaga hannu, kowa yana tambayar na unguwarsu. Aka kaɗa ƙararrawar tashi, ba wanda ya motsa.

A hanyar gida ya goya ni a kekensa, muna kauce wa kwatoci. Can ya ce, "Dije, na kunyata ki?" Ashe ya sani. Na ce a'a, na ƙara riƙe rigarsa. Ya ce, "Ni ma don fargaba ban iya karya kumallo ba yau."

Yanzu yawancin kududdufan an cike su an yi gini, laburaren ma an mayar da shi aji saboda yawan ɗalibai. Baba ya tsufa, ya bar shago, 'ya'yana kuwa kafin ya kai ƙarshen magana idonsu ya koma kan waya. Ban sake zama a ɗakin da ya iya jiran mutum kamar wancan ba.